Barcin rana ya dame ni: zan iya sayen maganinsa ta intanet?

Wani magidanci ya rubuto yana cewa: "Likita, shekarata 42. Na daɗe barci yana kwashe ni da rana, a wurin aiki, a cikin taro, har ya taɓa fizgata ina tuƙi. Ina samun awa bakwai ko takwas a gado, amma sai na tashi kamar ban runtsa ba. Maiɗakina kuma tana ƙorafin minsharina. Na ga shafuka a intanet suna sayar da modafinil, maganin da ke hana barci da rana. Wasu ba sa neman takardar likita, wasu kuma fom za ka cika su ba ka takardar. Zan iya saya?"

Malam, sannu da fama, Allah ya kawo sauƙi. Kafin mu shiga batun magani, akwai magana ɗaya a wasiƙarka da ta tsaya mini a rai, wato barcin da ya fizge ka kana riƙe da sitiyari. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Idan ido ya rufe na daƙiƙa huɗu kacal, ta yi tafiyar sama da mita 100 babu mai sarrafa ta. Irin wannan gyangyaɗin kuma ba ya sallama, sau da yawa mutum bai san ya yi ba sai ya ji taya ta sauka daga kwalta. Don Allah ka jingine tuƙi, musamman doguwar tafiya da tuƙin tsakar rana, har a gano abin da ke damunka.

Game da tambayarka kuwa, ana iya samun maganin barcin rana ta intanet ta hanya mai tsabta, amma sai bayan likita ya bincika ya san daga ina barcin yake zuwa. Shafin da zai tura maka modafinil babu takarda, ko wanda zai buga maka takarda bayan ka cika fom na 'yan mintuna, ban yarda ka kusance shi ba. Kuma bisa yadda ka zayyana halinka, ina da ƙwaƙƙwaran zato cewa ko da maganin na gaske ne, ba shi kake buƙata a yanzu ba.

Dalilina shi ne abubuwa uku da ka jera da bakinka: kana samun isasshen lokaci a gado, kana tashi a galabaice, ga kuma minshari. Duk likitan barci da ya ji waɗannan tare, abin da zai fara zuwa masa shi ne toshewar numfashi cikin barci. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da gindin harshe suna saki. Mai faffaɗar hanyar iska ba abin da zai same shi. Amma mai ƙiba, ko mai kaurin wuya, ko wanda haɓarsa ta ɗan koma ciki, hanyar takan rufe ruf. Ƙirji yana ta kokawar jan iska, iska ta ƙi shiga. Oksijin ya fara sauka a cikin jini, ƙwaƙwalwa ta razana ta tashe shi na 'yan daƙiƙu, ya yi wani gurnani kamar wanda aka shaƙe, hanya ta buɗe, ya koma barci. Da safe ba zai tuna komai ba. Wanda ke kwance a gefensa ne ya san abin da aka kwana ana yi.

Saboda haka ka tambayi maiɗakinka yau da dare. Minsharin yana tafiya ne bai ɗaya, ko kuwa yakan yanke ɗif, ɗaki ya yi tsit, sannan ka fizgo numfashi da ƙarfi? Mata da yawa sukan ce a cikin wannan shirun suke zungurar mazajensu, don tsoron kada a ce tafiya ke nan. Amsarta ta fi duk wani fom na intanet amfani a wurina.

Mu a asibiti ƙirga wannan muke yi. Duk tsayawa ko raguwar numfashi da ta kai daƙiƙa 10 ana lissafa ta. Sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya matsala ce mai sauƙi, 15 zuwa 29 matsakaiciya, daga 30 zuwa sama ta yi tsanani. Ka duba mai sau 30 a awa: cikin awa bakwai an katse masa barci fiye da sau 200. Yaya za a yi ya wayi gari garau? Irinsu sukan tashi da ciwon kai da bushewar baki, suna yawan fita fitsari da dare, ga mantuwa da saurin fushi, ga hawan jinin da ake ta ba shi magani ya ƙi sauka.

To a ce wannan ne ke damunka, ka sayi modafinil ka fara sha. Idonka zai buɗe da rana, ka ce ai an samu lafiya. Amma kowane dare maƙogwaro yana nan yana rufewa, oksijin yana hawa da sauka, zuciya tana shan wahala. Wannan ciwo idan aka bar shi yana da alaƙa da hawan jini, da rikicewar bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Barcin ranar da ke damunka shi ne kaɗai alamar da za ta kai ka asibiti, kai kuma ka kashe ta. Kamar mai zuba wa doki bulala ne alhali yunwa ce ta hana shi gudu: zai zabura, amma ba zai daɗe ba. Ga shi kuma modafinil kansa yana iya ƙara hawan jini da bugun zuciya.

Maganin toshewar numfashi na asali shi ne na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya fito da ita a Sidni ta Ostireliya a 1981. Wata 'yar na'ura ce da ke hura iska a hankali ta cikin abin rufe hanci, iskar ta riƙe maƙogwaro a buɗe har safe. Farkon amfani da ita akwai takura, ba na ɓoye maka, amma wanda ya jure yakan ga canji cikin 'yan kwanaki. Rage ƙiba, kwanciya ta gefe maimakon rigingine, da nisantar giya da ƙwayoyin sa barci duk suna taimakawa, akwai kuma wani abin da likitan haƙori ke ƙerawa mai turo muƙamuƙin ƙasa gaba. A Amurka an yarda a ƙara modafinil ga wanda yake amfani da CPAP yadda ya kamata amma barci bai sake shi ba. A Turai ma ba a kai nan ba: a 2010 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta sake duba maganin, ta taƙaita shi ga narkolepsi kaɗai, wani ciwo na ƙwaƙwalwa da ke sa barci ya riƙa kwashe mutum ba shiri, saboda ta ga haɗarinsa ya rinjayi amfaninsa a sauran wuraren.

Ba na yanke maka hukunci daga wasiƙa. Akwai wasu dalilan da yawa, kuma mafi yawansu masu sauƙin ganowa ne. Na ɗaya a duniya shi ne ƙarancin barcin kansa, domin awa takwas a gado da waya a hannu ba awa takwas na barci ba ne, kuma babba yana buƙatar aƙalla awa bakwai. Sai aikin dare ko aikin karɓa-karɓa, ƙarancin jini, ciwon suga, raunin halittar tayiroid da ke wuya, ciwon damuwa, da ƙafafun da ba sa samun natsuwa da dare. Sai magungunan da mutum yake sha bai kawo su a rai ba: maganin mura da ƙaiƙayi irin su chlorpheniramine, amitriptyline, diazepam, tramadol, kodin, da wasu magungunan farfaɗiya. Gwajin jini kaɗan da tambayoyi masu kyau sukan warware da yawa daga cikin waɗannan. Likita zai kuma so ya bambance ko barci ne na gaske ko kasala ce. Mai kasala yana jin jiki ba ƙarfi, amma ko ya kwanta barci ba ya zuwa. Mai barci kuwa da ya zauna shiru sai kai ya fara rangaji. Akwai ma'aunin Epworth da Murray Johns ya tsara a Melbon a 1991: yanayi takwas ne, kamar karatu a zaune, kallon talabijin, ko zama a mota a cunkoso, kowanne ka ba shi maki daga 0 zuwa 3. Jimillar 24 ce, wanda ya haura 10 barcinsa ya wuce ƙima. Wannan kana iya cika shi a intanet kyauta, yana da amfani, amma yawan barcin kawai yake nunawa, ba ya faɗin dalili.

Narkolepsi, wanda dominsa aka fara amincewa da modafinil, ciwo ne na daban, kuma ba shi da yawa: kimanin mutum ɗaya cikin 2,000. Yawanci yana farawa ne a ƙuruciya ko farkon samartaka. A 1998 aka gano wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna oreksin, wanda ke riƙe mutum a farke, daga baya aka tabbatar cewa masu nau'i na farko na ciwon sun rasa ƙwayoyin halittar da ke samar da shi. Alamar da ta fi fito da shi fili ita ce sakin jiki lokacin dariya ko mamaki: ana tsakar raha sai gwiwa ta sage, baki ya saki, kai ya langaɓe, mutum yana ji yana gani amma ya kasa riƙe kansa na 'yan daƙiƙu. Wasu kuma suna yawan fama da dannau, ko su riƙa ganin abubuwa kamar a zahiri daidai lokacin da barci ke ɗaukarsu. Abin da ke ba ni tausayi da masu wannan ciwo shi ne shekarun da suke kwashewa ana kiransu ragwaye a makaranta da wurin aiki kafin wani ya gane ciwo ne. Su kam suna buƙatar magani, kuma haƙƙinsu ne su same shi ba tare da wulaƙanci ba.

Tabbatar da shi sai an kwana a ɗakin gwajin barci, an manna wayoyi a kai da gefen ido da haɓa, an ɗaura bel a ƙirji da ciki, an maƙala abin auna oksijin a yatsa. Washegari a sa mutum ya kwanta sau huɗu ko biyar, awa biyu tsakani, kowanne a ba shi minti 20. Idan a matsakaici barci yana ɗaukarsa cikin minti 8 ko ƙasa da haka, kuma sau biyu ko fiye ya faɗa kai tsaye cikin barcin mafarki, to an kama hanya. Babu shafin intanet da zai iya wannan. Kuma ga wata ɓarnar da masu sayen magani da kansu ba su sani ba: wanda ya riga ya fara shan mai hana barci, sai an dakatar da shi kimanin mako biyu kafin gwajin, in ba haka ba sakamakon ba zai zama abin dogaro ba. Wato gajeriyar hanyar tana ƙara tsawaita tafiyar.

Shi kansa modafinil magani ne mai kyau a hannun da ya dace. A Faransa aka ƙirƙiro shi a shekarun 1970, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 1998, ɗan'uwansa armodafinil ya biyo baya a 2007. Daga baya aka samu pitolisant da solriamfetol, akwai kuma sodium oxybate da ake sha da dare, wanda tsananin haɗarinsa idan ya haɗu da giya ya sa a Amurka ba a bayar da shi sai ta wani tsari na musamman. Zaɓar ɗaya daga cikinsu ya dogara ne da zuciyarka, hawan jininka, hantarka, da tarihin lafiyar ƙwaƙwalwarka. Modafinil yana kawo ciwon kai, tashin zuciya, fargaba da rashin barci, domin yana daɗewa a jiki, sai bayan kusan awa 15 rabinsa ke fita. A wurin 'yan kaɗan yana tayar da taɓin hankali ko tunanin kashe kai. Akwai kuma wasu ƙuraje masu haɗari, ciwon Stevens-Johnson, da sukan fito cikin makonni biyar na farko, fata ta riƙa saɓulewa, baki da ido su yi gyambo, har a rasa rai. Wanda likita ya rubuta wa an gargaɗe shi ya daina sha da ganin ƙurji na farko. Wanda ya saya a ɓoye zai ɗauka ƙaiƙayi ne, ya ci gaba da sha.

Ga 'yan'uwa mata da ke karanta wannan, akwai maganar da ba na so ta wuce ku. Modafinil yana sa hanta ta yi saurin narkar da magungunan tazarar haihuwa masu sinadarin hormon, har da ƙwaya da ashanar hannu, kuma tasirin yana ci gaba wata ɗaya zuwa biyu bayan an daina. Ciki yana iya shiga ba a shirya ba, ga shi kuma hukumomin magunguna a Kanada da Turai sun yi gargaɗin cewa shan sa da ciki yana iya jawo nakasa ga jariri. Shafin da ba ya tambayarki komai ba zai gaya miki wannan ba.

Yanzu kasuwar intanet ɗin. Ƙungiyar hukumomin kantunan magani ta Amurka, NABP, ta daɗe tana bin shafukan da ke sayar da magani, kuma ta samu kusan kashi 95 cikin 100 suna aiki ne ba bisa doka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin tattalin arziki jabu ne ko mara inganci. Tun 2008 'yan sandan ƙasa da ƙasa, Interpol, suke gudanar da samamen Pangea suna rufe irin waɗannan shafuka, amma ana rufe wasu, wasu na buɗewa da sabon suna. Ƙwayar da ta zo maka a ambulan tana iya zama babu sinadari ko kaɗan, ko ya yi yawa, ko wani abu ne daban. A 2021 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan jabun ƙwayoyi da aka buga su tamkar na asali, har da masu kama da Adderall, wani maganin da shi ma ke hana barci, alhali muguwar ƙwayar methamphetamine ko fentanil, maganin ciwo mai tsananin ƙarfi, ne a ciki. Miligiram 2 na fentanil ya isa kashe mutum. Kwali da tambari ba hujja ba ne, domin su ne mafi sauƙin kwaikwayo.

Shafukan "cika fom a ba ka takarda" sun fi yaudara, saboda suna sanye da rigar asibiti. Ba sabon abu ba ne. A 2001 wani matashi ɗan shekara 18 a Kalifoniya, Ryan Haight, ya rasu bayan ya sha maganin ciwo mai ƙarfi da ya samu ta intanet, wanda likitan da bai taɓa ganinsa ba ya rubuta. Mutuwarsa ce ta haifar da dokar Amurka ta 2008 mai ɗauke da sunansa, wadda ta wajabta a duba mara lafiya ido da ido kafin a rubuta masa maganin da ke ƙarƙashin sa idon hukuma ta intanet. An sassauta ta lokacin annobar korona, amma manufarta tana nan. Modafinil yana cikin magungunan da ke ƙarƙashin sa ido a Amurka, a Birtaniya ba a bayar da shi sai da takarda, a Rasha kuwa odarsa ta gidan waya tana iya kai mutum gaban alƙali. Kowace ƙasa da dokarta, kuma jami'an kwastan ba sa karɓar uzurin "ban sani ba".

Duk da haka ba na cikin masu cewa a guji intanet baki ɗaya. Mutane da yawa suna nesa da likitan barci, kuma ganin likita ta bidiyo ya buɗe musu ƙofa. Likita mai lasisi zai iya sauraron tarihinka ta bidiyo, ya tura ka gwajin jini, ya sa a ba ka ƙaramar na'urar gwajin numfashi da za ka kwana da ita a gida, ya karanta sakamakon, ya tsara magani, ya ci gaba da bibiyarka. Mai narkolepsi da aka riga aka tabbatar masa kuma yana iya sabunta maganinsa daga kantin magani mai rajista a kawo masa har gida, wannan sauƙi ne babba gare shi. Yadda za ka gane na gaske: likitan yana da suna da lambar lasisi da za ka iya dubawa a hukumar likitocin ƙasarka. Kantin yana da adireshi na zahiri da lambar rajista, wadda za ka tabbatar a shafin hukumar kanta, ba a shafin kantin ba. Akwai masanin magunguna da za ka iya magana da shi. Suna neman takarda, suna tambayar hawan jininka da sauran magungunan da kake sha. Babbar alama a wurina ita ce za su iya ce maka a'a. Wurin da aka nuna maka maganin da farashinsa kafin a tambaye ka me ke damunka, ko ake maka rangwame idan ka sayi da yawa, ko ake neman ka biya da kuɗin kirifto, ko ake alƙawarin ɓoye kayan kada kwastan su gani, rufe shafin kawai.

Abin da za ka yi yanzu, Malam: ka ɗauki mako biyu kana rubuta lokacin da ka kwanta, lokacin da ka tashi, da duk sanda barci ya ɗauke ka da rana. Ka roƙi maiɗakinka ta naɗi minsharinka da waya na 'yan mintuna, musamman wurin da yake yankewa. Ka auna hawan jini da nauyinka, ka tattara duk maganin da kake sha a leda ɗaya, har wanda ka saya da kanka. Ka je da su wurin likita, ko a asibiti ko ta bidiyo, ka faɗa masa ƙarara cewa barci ya taɓa ɗaukarka kana tuƙi, kuma kana so a yi maka gwajin numfashin barci. Kafin nan, ɗan barcin minti 15 zuwa 20 da rana yana rage nauyin ido, kofi kuma ka tsayar da shi daga tsakar rana don kada ya ƙara lalata daren.

Idan kuwa ka riga ka saya ka fara sha, kada kunya ta sa ka ɓoye. Ka kai wa likita kwalin da sauran ƙwayoyin, ka gaya masa yaushe ka fara da nawa kake sha. In ka ga ƙuraje, ko gyambo a baki, ko kumburin fuska, ko ciwon ƙirji, ko zuciya tana bugawa ba daidai ba, ko tunaninka ya fara rikicewa, ka daina sha nan take ka nufi sashen gaggawa a ranar.